Gonaki da filaye a garuruwan dutsen Adar, yanzu da ake jiyo ƙanshin kuɗin makamashi: tambayoyi da amsoshi

Na yi shekaru ina riƙe da rajistar kwamitin filaye a wani gari da ke gindin dutse a Adar, kafin in dawo Tawa da zama. Tun da bututun mai ya ratsa kudancin jiharmu, aka kuma sake tada maganar gawayin Salkadamna, wayata ba ta hutawa. 'Yan bida, wato 'yan ci-rani, na kira daga Abijan da Libiya, ƙannen matata na kira, har da waɗanda rabona da su tun muna lakwal. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni ba alƙali ba ne, ba lauya ba. Mai rubuta takardar gona ne kawai, wanda ya sha ganin yadda ciniki ke ƙarewa.

Malam, wai wane arzikin makamashi ne ake ta faɗi? Mu dai ba mu ga komai ba.

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Na farko bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin, tsawon kusan kilomita 2,000, wanda kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa. Ya bi ta jihohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, kuma jirgin ruwa na farko ya ɗauki man Nijar a watan Mayun 2024. Na biyu wutar hasken rana: tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Na uku, wanda ya fi tada hankalin dillalai, shi ne gawayin ƙasa na Salkadamna a wajen Takanamat, inda aka tsara tashar lantarki mai megawat 600.

Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, kowa ya ɗanɗana abin da ake nufi da dogaro ga maƙwabci, don kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Daga nan maganar tashoshinmu na kanmu ta ƙara ƙarfi. Amma a riƙe wannan: tun 2014 shugaba Mahamadou Issoufou ya aza tubalin Salkadamna, shekara goma suka shuɗe ba a ga hayaƙin tashar ba. Wanda ya ci bashi ya sayi fili a waccan shekarar saboda "aiki ya zo", yaron da aka haifa masa a lokacin ya isa kiwon awaki kafin a sake jin motsi.

Me ya sa yanzu ake taya faƙo da kan dutse, inda ko ƙarangiya ba ta fita?

Saboda mai saye ba hatsi yake nema ba. Kamfani na son wuri mai tauri da ruwa ba ya kwanciya, inda zai kafa sansani, ya jera manyan motoci, ya aza tankunan gazuwal. Mai aikin hanya kuma marmara da tsakuwa yake nema, kuma a tudun nan suke. Ƙasar da kakanninmu ke ba baƙo kyauta ita ce ta zama abin rububi.

Adarawa kam ba yau suka fara ganin faƙo ya yi daraja ba. Aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya nuna cewa tudun da ya mutu yana farfaɗowa idan aka jera duwatsu aka tare ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka. A wajen Illela da Badagishiri, da tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwa a gona, suka yaɗu, mutane suka riƙa sayen faƙo da araha suna mai da shi gona. Waɗanda suka sayar a wancan lokacin da kuɗin buhu ɗaya ko biyu sun ga dawa ta tsaya a wurin da suka raina. Bambancin shi ne, waccan darajar gumi ne ya kawo ta, tana nan har gobe. Ta yanzu jita-jita ce ke hura ta.

Kawu, an taya gonarmu kuɗin da ban taɓa riƙewa ba. In sayar?

Wace gonar? Nan ne maganar take.

In fadama ce, inda kuke albasa da rani, ko garkar da ke da rijiya, amsata a'a. A ƙasar dutse fadama 'yar kaɗan ce, tsakanin tudu da tudu take, ba a ƙirƙiro wata. Wanda ya sayar da tasa a kwarin Maggiya ko na Keita zai yi wuya ya sake mallakar irinta, ko da ya dawo da ninkin kuɗin, don masu ita ba su saki.

In tudu ne da kuka daɗe ba ku noma ba, to a zauna a yi lissafi. A ce an ba ku miliyan uku, ku shida ne magada. Kowa ya tashi da jika ɗari biyar, kafin a cire kamashon dillali da goron shaidu. Jika ɗari biyar babur ne, ko auren fari in an taƙaita. Bayan damina biyu babur ya tsufa, gona kuma tana hannun wani. Na ga wannan ba sau ɗaya ba, har na daina mamaki.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane ba su cika tunawa da ita ba: haya. Kamfanin da ke son wurin ajiye motoci na shekara uku ba dole ne ya mallaki ƙasar ba. A rubuta haya, a sa shekaru, a sa kuɗin kowace shekara, a kuma rubuta cewa zai cike ramukan da ya haƙa, ya kwashe baƙin mai da tarkacensa kafin ya tafi. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ake mantawa, sai a bar wa mutum tafki a tsakiyar gona, wanda ke cin yara da damina. Ko kuma a yanki gefen da ke bakin hanya a sayar, a riƙe sauran.

Gonar gado ce, kowa a gari ya san tamu ce. Me zan yi da takarda?

Kowa ya sani, har ranar da dattijan da suka sani za su kwanta dama. Dokar karkara, wato doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta amince da mallakar gargajiya, ta ba ta kariya kamar mallakar da ke rubuce. Sai dai a gaban alƙali, mai takarda ya riga mai rantsuwa zama.

Dokar ce ta kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo: akwai na gari ko rugga, akwai na kwamin, akwai na ma'aikatar parefe. Na gari maigari ne ke shugabantarsa, a ciki akwai wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Su ke ba da shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Yadda ake yi ba wuya: ka kai buƙata, a yi shela, a fita gona da maƙwabtan iyaka na gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya nuna inda tasa ta tsaya, a rubuta, a sa hannu ko a dangwala yatsa. Ranar fita gonar nan ita ce ranar gaskiya. Na taɓa ganin tsoho ya tsaya a gindin wata adduwa, ya buga sandarsa ƙasa ya ce, "Iccen ga ubana ya bar shi, nan gonag ga ta tsaya." Maƙwabcin ya yi shiru, aka rubuta adduwar a takarda. Da an bari tsohon ya rasu, da shari'ar shekara biyar ce.

Wanda ke son abin da ya fi ƙarfi, sai ya nemi titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, a ma'aikatar filaye ta ƙasa. Tun 2006 akwai mai sauƙi da ake kira Sheda. Shi banki ke karɓa a jingina.

Filin gida fa, wanda aka yanka a bakin gari?

Wannan ba na Kofo ba ne, na ma'aikatar magajin gari ne, takardarsa ita ce akt da sesiyo. Kafin ka biya, je da kanka ka duba lambar filin a rajista, ka tabbata yankan na da izinin ma'aikatar tsarin birane. Hoton takarda da aka turo maka ta WhatsApp ba shaida ba ne. Fili ɗaya mai takarda uku ba labari ba ne a garin da kuɗi suka shigo.

Yaya, ina Abijan shekara takwas. Na ji ƙanenmu ya sayar da gonar babanmu ba da sanina ba.

Wannan ita ce cutar Adar, don rabin mazan gari suna bida. In ba a raba gado ba, ƙanenku ba shi da ikon sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Iyakarsa rabonsa, kuma ko a nan fiƙihun Malikiyya ya ba abokan tarayya haƙƙin shuf'a, wato ku kuka fi cancanta ku saye rabon nasa a kan kuɗin da baƙon ya biya.

Kada ka tsaya aiko saƙon murya kana zagi. Wakilta wani babba da ka yarda da shi, a rubuce, ya je wurin maigari, in ba a daidaita ba a wuce wurin sarki. Sarakuna ikon sulhu gare su, kuma ana rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Da ita ake zuwa gaban alƙali, wanda ke yanke irin wannan shari'a bisa al'adar masu ƙara, da mashawarta a gefensa. Abin da ke kashe irin ƙararka shi ne jinkiri. In mai saye ya zuba siminti ya aza kwano kana shiru, kowa zai ce ka sani ka yarda.

Ƙanen naka kuma, ka tambaye shi dalili kafin ka yanke zumunci. Sau da yawa wanda aka bari a gida shi ke ɗauke da tsohuwa da maganinta, na waje kuma ya yi wata bakwai bai aiko ko dala ba.

Baba, ni mace ce. 'Yan'uwana sun ce mace ba ta gadon gona, za su ba ni "kuɗin sabulu".

Ba addini ba ne ya faɗi haka, son zuciya ne. Ɗiya na da rabin rabon ɗa, matar mamaci na da tumuni idan akwai 'ya'ya, kuma gona na cikin abin da ake rabawa. Dā ana lallashin mata su bar wa maza ƙasa saboda "za ki gidan wani". Yanzu da ƙasar ta zama miliyoyi, wannan lallashin ya zama ƙwace. Ɗiyata, kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Ki nemi a kira malamin da zai raba, ki zo da waliyyin da ba shi da rabo a ciki, a rubuta sunanki a takardar Kofo.

Idan aka ce layin wuta ko hanya za ta bi ta gonata, zan iya ƙi?

In gwamnati ta ayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, ba ka hana shi. Abin da doka ta ba ka shi ne diyya ta adalci, kuma kafin a karɓe, ba bayan an karɓe ba. Dokar 61-37 ta 1961 ce, aka gyara ta da dokar 2008-37. Ana yin bincike, a ƙidaya mutane da dukiyarsu, a sa ranar rufe ƙidaya. Abin da ka gina bayan wannan ranar ba a biyansa, saboda haka masu tashi da dare su dasa mangwaro ko su jera bulo wahalar banza suke yi.

Ranar ƙidaya ka kasance a gonar da ƙafarka. A ƙirga komai: gawo, adduwa, magarya, rijiya, rumbu, har jerin duwatsun da ka yi shekaru kana tare ruwa da su. Masu ƙidaya daga birni suke, suna iya ganin tassa su ɗauka ramuka ne kawai. In kai aro ko haya kake nomawa, ka sa a rubuta sunanka daban da na mai gonar, don shukar taka ce. Ka karɓi kwafin abin da aka rubuta. Idan kuɗin bai yi maka ba, kana da damar ƙin sa hannu, maganar ta je gaban alƙali.

In an samu gawayi ko mai a ƙarƙashin gonata, nawa ne?

A'a. Abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne. Naka shi ne saman, da diyyarsa.

Ina da 'yan kuɗi. In gina ɗakunan haya saboda ma'aikata?

Kafin ka sayi siminti ko buhu ɗaya, nemi wanda ya zauna Arlit ka ba shi shayi. Garin nan uraniyom ne ya kafa shi a gefen duwatsun Ayar. Kamfanoni biyu ne: Somair ta fara haƙa a 1971, Cominak ta biyo a 1978 a Akokan, aka shimfiɗa kwalta daga nan Tawa har can, hanyar da ake kira ta uraniyom. Adarawa da yawa sun tafi, wasu leburanci, wasu tebur, wasu suka gina gidajen haya. Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasa duka ta ji a jikinta. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, da su da masu yi musu wanki da masu sayar musu da nama. Gida ba ya bin mai shi a mota.

Ga abin da ya kamata mai gini ya gane. Aikin makamashi yana cin mutane da yawa ne lokacin gini kawai. Bututu, da an binne shi an rufe, sai masu gadi da 'yan ma'aikatan tashar tura mai. Tashar hasken rana, da an jera faifan, sai masu share ƙura da masu lura da na'ura. Manyan ma'aikata kuma ba su kama haya a gari, sansaninsu gare su mai katanga, da injin wuta da mai dafa abinci. Waɗanda za su zo ƙofarka su ne direbobi, lebura, masu gadi, masu gyaran taya, kuma su ɗaki ɗaya mutum huɗu suke so. Ma'adini irin na gawayi ya fi daɗewa, kamar yadda Sonichar, kamfanin gawayi, ta riƙe garin Cirozerin shekaru da dama, amma shi ma sai an fara haƙa tukuna.

In za ka gina, gina abin da malamin lakwal ko ma'aikacin likita zai iya biya bayan kamfani ya tafi. Kada ka ci bashin da sai da hayar kamfani zai biyu. Kuma kada ka kori tsohon ɗan hayarka don baƙo ya ninka kuɗi, garin ƙarami ne, za ku haɗu a masallaci.

An nuna mini fili mai araha a gindin dutse. Akwai matsala?

Wannan ni ya ci, don haka zan faɗe shi da kunya. Da rani na saya, wata na huɗu, ƙasa a bushe ƙayau, wuri shimfiɗe da farin rairayi mai laushi. Har na ce wa dillalin ga yashin gini kyauta. Ya yi dariya ya ce Allah ne ya so ni. Na zuba bulo ɗari takwas, na tada katanga gefe biyu. Ruwan farko mai ƙarfi na watan takwas ya sauko daga kan dutse da dare, da safe na tarar da katangar a kwance, bulo sun watsu har gonar wani, wata tunkiya da ba tawa ba ta maƙale a ƙaya. Wata tsohuwa mai itace ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ɗana, wa ya ce ka gina a hanyar ruwa? Tun ina yarinya nan yake bi." Rairayin da na yi wa murna, ƙorama ce ta shimfiɗa shi. Ni da ke rubuta wa mutane takarda, ban tambayi kowa ba.

A garin dutse, da damina ake duban fili. In ba ka iya jira, tambayi mata masu itace da yara makiyaya. Dubi gindin itatuwa, in ka ga ciyawa da leda sun naɗe a gefe ɗaya, ruwa ne ya kai su. Kuma yawan gini a sama yana ƙara wa na ƙasa ruwa, don kwano da siminti ba su sha. Tambayi zurfin rijiya ma: a kan tudu ruwa na da nisa, fili mai araha na iya zama na sayen jarka har abada.

Akwai wani fili babba da ba mai nomawa, an ce burtali ne. Ana saye?

Ba a saye, ko wa ya sa hannu. Burtali, makiyaya da mashaya na jama'a ne, dokar kiwo ta 2010 ta hana mallake su. Daga arewa kuma akwai iyakar noma da dokar 1961 ta shata, abin da ke bayanta ƙasar kiwo ce, kamar wajen Abalak da Cintabaraden. Wanda ya toshe burtali da katanga, ranar da garke ya gangaro bayan girbi zai san ya sayi faɗa.

Garin da ake haƙa a cikinsa yana samun wani abu kuwa?

A takarda, e. Tun gyaran dokar ma'adinai na 2006 aka ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don kwaminonin jihar da ake haƙar, dokar man fetur ma ta bi sahu. Ƙungiyoyin farar hula na Agadas sun daɗe suna kukan cewa kuɗin na makara. Tun da aka rushe majalisun kwamin a watan Afrilun 2024, shugabannin riƙo da aka naɗa ke tafiyar da su, to su za a tambaya: nawa ya shigo, me aka yi da shi. Ni da za a ji tawa, da fanfo da magudanar ruwa za a fara, kafin a gyara ofis.

Kawu, babanmu ya jinginar da gona shekara ashirin da suka wuce. Yanzu mai riƙon ya ce saye ya yi.

Jingina ba ta zama saye don ta daɗe, ranar da aka mai da kuɗi gona ta koma. Matsalar ita ce yawancin jinginar dā da baki aka yi ta, a zaure, da shaidu biyu da goro. Muddin gonar ba ta da daraja ba mai musu, yanzu ne kowa ke tuna abin da ya ga dama.

Nemi shaidun tun suna da rai. In ɗaya ya rage, ɗauki maigari da liman ku je har gidansa, ya faɗa a gabansu, a rubuta, ya dangwala. Ka tambayi tsofaffin matan gidan biyu, su ne ba su manta ko nawa aka karɓa da abin da aka yi da kuɗin, ko na biyan haraji ne ko na shekarar yunwa. Ka tanadi kuɗin fansa a hannu kafin ka tada maganar, ka kai su gaban maigari, ba gidan mai riƙon ba. In ya riga ya shuka, a bar shi ya girbe, ku karɓi gonar bayan an kwashe kara.